Ɗaga Kai Ka Dubi Rufi

Ya ɗan'uwa mai karatu, in ka bi sababbin unguwannin Yamai, ko na Maraɗi, ko na Damagaram, za ka ga wani yayi da ya shigo. Mai hali ya gina gida, sai ya sa a tsayar masa da ginshiƙai biyu ko huɗu a ƙofa, farare tas, masu kauri, an yi musu ado a ka kamar ganye. In ka tambaya, sai a ce maka ginin Rumawa ne. To, matsa kusa ka duba abin da ginshiƙan suka ɗauka. Sau da yawa ba su ɗauki kome ba. Shiga ciki kuma ka ɗaga kai. Kwano ne, an ɓoye shi da katako. Da bazara ɗakin ba ya zaunuwa sai da fanka.

Laifin ba na mai gida ba ne shi kaɗai. Yadda aka saba koyar da tarihin gini yana da nasa kaso. Ana jera wa ɗan lakkol sunaye: ga ginin Masar, ga na Girka, ga na Rum, ga na Larabawa, ga na zamani. Kowane a nuna masa alamarsa ta waje, watau adon kan ginshiƙi, ko siffar taga, ko zanen bango. Wannan hanya tana da sauƙin haddacewa. Amma tana sa mutum ya zaci salon gini riga ne, wadda ake cirewa a jikin wani a sa wa wani.

Ni ina ganin in kana son ka gane salon gini, rufi za ka fara dubawa. Tada bango ba wuya, yara ma suna yi da wasan ƙasa. Wuyar aiki tana farawa ran da bango huɗu suka tsaya, aka ce a rufe sarari. A nan ne magini yake nuna saninsa. Kowane babban salo da ka ji sunansa a duniya amsa ce ga tambayoyi uku. Me ƙasar ta ba da na gini? Yaya za a rufe sama kada ta faɗo? Su wa za su shiga ciki, me za su yi? Bari mu bi su ɗaya ɗaya, sa'an nan mu komo gida mu auna namu da mudu ɗaya.

Ginshiƙi da dutse a gicciye

Amsa ta farko ita ce mafi sauƙi. A tsayar da ginshiƙai biyu, a ɗora dogon dutse a kansu. Haka Misirawan dā suka yi. Amma dutse yana da hali. In ka danne shi yana jurewa, in ka shimfiɗa shi da tsawo ba abin tallafi a tsakiya sai ya tsage. Dole ke nan ginshiƙai su matsu da juna. A Karnak, gefen kogin Nilu, akwai wani babban zaure da aka gina fiye da shekara 1200 kamin haihuwar Annabi Isa. Ginshiƙansa 134 ne. Goma sha biyu na tsakiya sun kai wajen metir 21 a tsaye. Wanda ya shiga ba ya ganin fili, kurmin dutse yake gani. Wannan kurmi shi ne salon, kuma halin dutse ne ya haife shi.

Girkawa sun bi hanyar nan, suka gyara ta. Ɗakin bautarsu mafi suna shi ne Partenon na birnin Atina, wanda aka gina daga shekara ta 447 zuwa ta 432 kamin haihuwar Annabi Isa. Ginshiƙai 8 a gaba, 17 a gefe, duk na marmara. Kyansa a waje yake, don jama'a ba ciki suke taruwa ba, a fili suke yanka da buki. Maginan sun ɗan kumbura cikin kowane ginshiƙi, sun ɗan karkata su ciki, don ido ya ga ginin a miƙe, da rai. Girkawa suna da kan ginshiƙi iri uku. Na Dorik ba shi da ado. Na Ayonik a naɗe yake kamar ƙahon rago. Na Korinti shi ne mai ganye, shi ne wanda ya iso ƙofar gidajenmu yau. Abin da ake haddacewa ke nan a lakkol. Amma duk ukun aiki ɗaya suke yi: suna ɗauke da kaya a ka.

Baka da ƙubba

Rumawa sun so wuri mai faɗi wanda dubban mutane za su shiga: kasuwa, wurin wanka, ɗakin shari'a. Dutse a gicciye ba ya iya wannan. Sai suka riƙe baka. Ana jera duwatsu masu siffar gatari a lanƙwashe, kowane yana danne maƙwabcinsa, nauyi ya bi ta gefe ya sauka ƙasa. Aibin baka ɗaya ne, tana tura bango waje. Saboda haka bangon Rumawa yake da kauri ƙwarai. Sun kuma gano wani kwaɓi na farar ƙasa da tokar dutse mai aman wuta, wanda in ya bushe ya zama kamar dutse.

Da wannan kwaɓi suka rufe Panteyon a birnin Rum, wajen shekara ta 125 bayan haihuwar Annabi Isa. Ƙubba ɗaya ce, faɗinta metir 43, ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Kaurin bangon da ke ɗauke da ita wajen metir 6 ne. Ƙubbar tana ƙara siranta tana hawa, kuma can sama an kwaɓa ta da dutse marar nauyi. An bar kafa a tsakiyar ka, ta nan haske ke shiga. Yau shekara kusan 1900 ke nan, tana tsaye.

Gaskiya ita ce Rumawan su da kansu sun ari ginshiƙi don ado. A babban filin wasansu na Kolosiyom, baka ce ke ɗauke da ginin, ginshiƙan Girka kuwa an manna rabinsu ne a jikin bango. Amma lura da kyau. Sai da suka gama da maganar rufi kana suka yi kwalliya.

A Istambul, wanda a lokacin ake kira Kustantiniya, an ƙara wani mataki. Ƙubba zagayayya ce, ɗaki kuwa kusurwa huɗu gare shi. Yaya za a haɗa su? Maginan Aya Sofiya, wadda aka gama a shekara ta 537, sun cike kusurwoyin da gini mai lanƙwasa, ya tashi daga ginshiƙai huɗu manya ya tallabi gindin ƙubba. Faɗinta wajen metir 31, da tagogi 40 kewaye da gindinta. Ƙubbar farko ba ta da tudu sosai, ta tura bango da yawa. Girgizar ƙasa ta raunana ta, ta faɗi a shekara ta 558. Aka sake ta da ƙarin tsawo, aka gama a 562. Ka ga salo ba a takarda kaɗai ake samo shi ba. Har da faɗuwa ake koyo.

Masallatai da majami'u

Masu salla sahu suke yi, saboda haka masallaci faɗi yake so. A Ƙurɗuba ta ƙasar Andalus, Abdurrahman na Ɗaya ya soma babban masallaci wajen shekara ta 785. Maginansa sun tarar da tsofaffin ginshiƙan Rumawa a kango, suka kwaso. Sai dai gajeru ne. Zaure mai faɗi da rufi ƙasa ƙasa zai zama kamar rami. Dabarar da suka yi ita ce su ɗora baka kan baka, hawa biyu, rufi ya tashi sama. Sun jera jan birgi da farin dutse bi da bi a jikin kowace baka. Yau mai ziyara ja da farin nan yake ɗauka hoto. Amma abin da ya sa ginin ya zama abin kallo shi ne gajertar ginshiƙi da hankalin wanda ya san yadda zai yi da ita.

A Alƙahira, masallacin Ibn Ɗulun da aka gama a 879 yana da baka mai tsini a ka. Can daga baya kuma, a 1575, babban maginin Turkawa Sinan ya gama masallacin Salimiyya a Edirne. Ya ɗora ƙubba mai faɗin metir 31 bisa ginshiƙai takwas da ya tura gefe, har kusan duk mai salla yana ganin mihrabi.

Baka mai tsini ba ta tura bango kamar mai zagaye. Maginan arewacin Faransa sun ci moriyar wannan. Ƙasarsu hazo da sanyi, rana ba ta da ƙarfi, su haske suke nema. A majami'ar San Dani kusa da Paris, wadda aka buɗe sabon sashenta a 1144, aka soma salon da ake kira Gotik. Alamominsa uku ne. Baka mai tsini. Haƙarƙarin dutse a cikin rufi, wanda ke tattara nauyi ya kai shi kan ginshiƙi. Sai matokara a waje, masu tsallako sarari su dafa bango. Da bango ya huta da ɗaukar kaya, sai aka huda shi aka cika da gilashi mai launi. Garuruwa suka shiga gasa. Rufin majami'ar Amiyan ya kai metir 42. Na Bobe ya kai 48, amma wani sashensa ya rufta a 1284. Dutse ya nuna iyakarsa.

Ran da ado ya rabu da aiki

Daga wajen 1400, mutanen Italiya suka koma nazarin kangayen Rumawa. Farkon abin ya yi albarka. A Fulorans, Burunaleski ya rufe babbar majami'ar garin da ƙubbar birgi daga 1420 zuwa 1436, ba tare da ya cika ƙarƙashinta da katakon tallafi ba. Wannan aikin gwani ne. Amma bayan haka aka rubuta ƙa'idojin ginshiƙi cikin littattafai, injin ɗab'i ya baza su. Kowa ya iya buɗe littafi ya zaɓi fuskar da yake so. A ƙarni na 17 aka yi yayin Barok, mai ruwan zinariya da bango mai lanƙwashe-lanƙwashe, don sarakuna da manyan majami'a su nuna isa. A ƙarni na 18 da na 19, banki da kotu suka ɗauki kamar ɗakin bautar Girkawa. Da majalisar Ingila ta ƙone a 1834, aka sake gina ta da kamar Gotik, ɗaruruwan shekaru bayan zamanin Gotik ya wuce. Ƴan mulkin mallaka kuma suka kwashi waɗannan fuskoki suka kai Afirka da Asiya. Ginshiƙin da ke ƙofar attajirinmu jikan wannan zamani ne. Ta littafi ya zo, ba ta hannun magini ba.

Ƙarfe, siminti da gilashi

Sabuwar amsa ta gaske ta zo da masana'antu. A Landan, a 1851, an tada wani zauren baje koli na ƙarfe da gilashi, tsawonsa ya fi metir 500, cikin ƴan watanni. A Shikago ta Amurka, a 1885, aka gina bene mai hawa 10 wanda ƙashin ƙarfe ke taimakon ɗaukarsa. Aka kuma haɗa siminti da ƙarfe. Siminti yana jure danni, ƙarfe yana jure ja. In aka binne sandunan ƙarfe cikin siminti, kowa ya rufa wa ɗan'uwansa asiri. Daga nan rufi ya iya shimfiɗuwa da faɗi bisa ƴan siraran ginshiƙai, bango ya zama labule kawai.

Masu wannan salo suka ce a yar da ado duka, a bar gini ya nuna ƙashinsa. Babbansu Le Korbiziye ya gina wani gida kusa da Paris, gidan Sabuwa, aka gama a 1931: farin akwati bisa siraran ƙafafu, da dogayen tagogi, da rufi shimfiɗaɗɗe. Ɗaliban gini na duniya suna zuwa kallonsa har yau. Amma rufin ya yi ta yoyo, masu gidan suka yi ta kuka da shi. Babban kuskuren salon zamani ya fi yoyo. Ya ɗauka amsa ɗaya ta isa duniya duka. Akwatin gilashi da aka yi wa ƙasar da ke marmarin rana, in ka kawo shi nan inda zafin watan Afrilu ke wuce awo 40, tanda ka gina. Sai ka saya masa injin sanyi, ka yi ta biyan kuɗin wuta.

Namu fa?

Yanzu ɗauko mudun nan ka auna ginin ƙasar Hausa. Me ƙasa ta ba da? Jar ƙasa, da ciyawa, da giginya. Ana kwaɓa ƙasa da ciyawa, a mulmula tubali da hannu, a shanya. Ana tsaga giginya a fid da azara, icce mai tauri wanda gara ba ta cika damunsa ba. Amma azara da ƙasa a kanta ba ta tsallake abin da ya wuce kusan metir 2, sai ta lotsa. Ka ga matsalar Misirawa ce ta komo.

Maginanmu sun warware ta da tasu hanya. Suna kafa azara cikin bango, ta ɗan leƙo. Su ɗaura wata a kanta da igiya, ta ƙara leƙowa, ta ƙara karkata. Haka daga bango biyu, gaɓa gaɓa, har su gamu a sama. Sa'an nan a lulluɓe da ƙasa. Wannan ita ce bakan gizo. In aka gicciya baka da baka, aka samu ɗaurin guga, a rufe tsakani da gajerun azara, a yi tulluwa a sama don ruwa ya gangara zuwa indararo. Da ido tana kama da bakar Rumawa, amma aikinta dabam ne. Ta Rumawa dutse ne ke danne dutse, kuma sai an tallafe ta da katako har a sa dutsen ƙarshe. Tamu icce ne ke cikin ƙasa yana jure ja, ƙasa tana jure danni. Watau ta fi kusa da siminti mai ƙarfe a ciki. Wanda ya ce ginin ƙasa ba ilimi cikinsa, bai taɓa ɗaga kai a zauren sarki ba.

Bango mai kauri kuma yana da nasa aiki. Yana shan zafin rana a hankali, ba ya sakinsa cikin ɗaki sai dare ya yi. Ƴar ƙaramar taga can sama tana fid da iska mai zafi, tana tsare ƙura. Zaure yana raba baƙo da cikin gida. Duk amsa ce ga rana, da hunturu, da kunya irin tamu.

Wannan salo yana da manyan ayyukansa. A Zariya, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a zamanin Sarki Abdulkarimu, cikin shekarun 1830, kuma masana gini suna lissafa rufinsa cikin mafi kyau a Afirka. A Agadas, hasumiyar masallaci ta kai metir 27, ta ƙasa zalla, an sake gina ta a 1844. Itatuwan da ke leƙowa a jikinta suna ɗaure ginin, kuma su ne matakin mai yaɓe. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan tarihin duniya. A Birnin Damagaram kuwa, fadar sarki da gidajen attajirai suna nan da zankwaye da zanen fuska.

Masallacin Yama

Wanda ya fi kusa da zamaninmu shi ne masallacin Juma'a na Yama, a jihar Tawa. Manomi ne kuma magini, Alhaji Falke Barmu, ya soma shi a 1962. Mutanen gari suka yi gayya, wani ya kawo tubali, wani ruwa, wani icce. Da farko ɗaki ne mai sauƙi, ginshiƙai da rufi shimfiɗaɗɗe. A 1975, da rufi ya nemi gyara, sai ya sake shi da baka, ya ƙara ƙubba a tsakiya. Daga 1978 zuwa 1982 ya tada hasumiya huɗu a kusurwoyi, ba wadda ta yi kama da ƴar'uwarta. A 1986 aka ba ginin kyautar Aga Khan, wadda take cikin manyan kyaututtukan gini na duniya.

Abin da nake yaba wa Yama shi ne jerin aikin. Rufi aka fara gyarawa, hasumiya ta biyo baya. Ba a aro fuskar kowa ba, kuma ba a kwaikwayi kakanni ido rufe ba. Maginin ya ɗauki dabarar da ya gada, ya ƙara nasa. Hasumiyoyin da suka bambanta, wani zai ce rashin tsari ne. Ni ina ganin shaida ce cewa ƙasa tana karɓar sabon tunani kowace shekara, abin da siminti ba ya yi in ya daskare. Amma kada yabo ya rufe mana ido. Ginshiƙan ƙasa suna da kauri, suna cin wuri, suna tsare gani. Ginin kuma ba ya rayuwa sai da hannun jama'a. Ran da gayya ta mutu, shi ma ya kama hanya.

Aibin ginin ƙasa

Wannan magana ba tsoratarwa ba ce. A watan Agusta na 2023, wani sashe na masallacin Zariya ya rufta kan masu salla, mutane suka rasu. A watan Satumba na 2024, ruwan sama mai yawa ya rushe tsohon masallacin Birnin Damagaram, wanda ya haura shekara 150. A daminar nan gidajen ƙasa masu ɗimbin yawa sun faɗi cikin ƙasarmu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka.

Saboda haka talakan da ya sayi kwano ba wawa ba ne. Giginya ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada. Samarin da ke yaɓe kamin damina sun tafi bida. Masu sanin haɗa makuba da laso, waɗanda ke hana ruwa cin bango, sun ragu. Kwano kuwa ba nauyi, kwana ɗaya an rufe. Sai dai a faɗi kuɗinsa duka: zafi da rana, sanyi da hunturu, ƙara da damina, ga iska mai yaye shi. Wani kuma sai ya shafe bangon ƙasa da siminti, yana zaton ya huta. Siminti ba ya kama ƙasa da kyau. In ya tsage ruwa ya shiga baya, ba ya samun hanyar fita, bango ya ruɓe a ɓoye.

To, ina mafita? Akwai masu nema. Tun 1980, a Shikal cikin ƙasar Filinge, aka soma koya wa magina rufin birgin ƙasa wanda ba ya son icce ko ɗaya. Dabarar daga Nuba ta zo, can kudancin Masar, inda ake jingina baka bisa baka har a rufe ɗaki. Wannan aro ne mai kyau, don aiki aka aro, kuma ƙasar da aka aro daga gare ta rana da rashin icce gare ta kamar tamu. A Dandaji ta jihar Tawa kuma, a 2018, Mariyama Isufu Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Ismaili sun gina sabon masallaci da birgin ƙasa wanda inji ya matse, suka gyara tsohon masallacin ya zama ɗakin karatu. Sun sa siminti da ƙarfe inda ƙasa ba ta iyawa, sun bar ƙasa inda ta fi su. Ba a ce an gama warware matsala ba. Amma tambayar da suke yi ita ce ta gaskiya.

Ado fa, banza ne?

Wani zai ce: kai malam, ka mai da gini duka maganar nauyi da tallafi, alhali mutum yana son kyau. Gaskiyarsa. Dagi da ke fuskar gidan Damagaram yana gaya maka mai gidan wane ne. Zanko yana ba gida kwarjini. Gilashin Gotik yana koya wa wanda bai iya karatu ba labarin addininsa. Ba wanda ya ce a bar ado. Amma dubi yadda magininmu yake yinsa. Yana zana bango tun yaɓe yana ɗanye, da hannun da ya yi ginin, da ƙasar da aka yi ginin. Shi ya sa Hausawa suka ce tun ran gini ran zane. Adon da ya tsiro daga jikin aiki yana tsufa tare da shi. Wanda aka manna daga baya shi ke fara ɓamɓarewa.

Saboda haka, ɗan'uwa, ran da Allah ya hore maka gini, ko ɗaki ɗaya ne, kamin ku yi maganar fenti da ƙofa, zauna da magini ka tambaye shi. Me zai ɗauki rufin nan? Ina ruwa zai bi in ya sauko? Ƙarfe biyu na rana da bazara, ana iya kwanciya ciki? In ya lalace bayan shekara goma, akwai mai gyara a garin nan, da kayan da ke garin nan? In ya amsa maka waɗannan da kyau, sauran kuɗin ka yi ado yadda ranka ke so.

Ku kuma da ke karanta wannan tare a wurin yaƙi da jahilci, ga aiki. In kun tashi, ku je zauren mai gari ko tsohon masallacin unguwa. Ku ɗaga kai, ku ƙirga baka nawa ne, ku duba inda suka gamu. Ku nemi tsohon da ya san wanda ya gina, ku rubuta sunan maginin, da shekarar, da sunan kowace gaɓa ta rufin yadda ya faɗa muku. Kun iya rubutu yanzu, kuma tsofaffin nan ba za su daɗe ba. Allah shi ba mu ikon riƙe abin da muka gada, shi ba mu basirar ƙara namu.